Gudumar Baffa

Zuwa ga Likita, 'yar wana,

Gaisuwa tana nan tafe, amma ki bari in fara sauke abin da ya tokare mini ƙirji shekara da shekaru. Zuwanki na ƙarshe, bayan rasuwar mahaifinki, kin sauka daga mota a bakin titi, rumfata tana gabanki, ina cikinta. Maimakon ki miƙe layi kamar kowa, sai kika zaga ta hanyar bola, kika tsallake kwata da fararen takalmanki, kika shiga gida ta ƙofar baya. Mai Aski ne ya hango ki. Ya ce, "Baffa, 'yar taka ta fi son warin bola a kan fuskarka." Aka yi dariya a bencin gaban rumfa, ni ma na yi, don kada a ga abin ya taɓa ni. Ban ce ba ki gaishe ni a cikin gida ba. Amma gaisuwar cikin gida ta ɓoye ce. Mai gyaran takalmi a rumfarsa ake gaishe shi.

To, yanzu gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, da maigidan, da yara, da aikin asibiti. Ni dai ga ni nan. Gwiwa ta ƙi, kunnen hagu ya ajiye aiki, shi ya sa na ce a daina miƙo mini waya, ina jin mutum kamar daga cikin tulu yake magana. Rubutun nan da hannuna na yi shi. Ban taka aji ba, a jikin allunan shaguna na tsinci baƙaƙen. In kin ga layi ya karkace, ki karkata kanki.

A bakin ƙaninki na ji cewa 'yarki Jikalle ta samu kwalejin nan da ke bayan kasuwarmu, kuma ɗaki za ki kama mata cikin baƙin ido. A bakin ƙaninki, ba a bakinki ba. Alhali tun da mai ɗakina ta rasu ɗakinta yake rufe. Na buɗe shi, na sa an yi masa fenti, na toshe ramin ɓera, na ɗaure ƙafar gadon da ke rawa. Ni kaɗai nake kwana a gidan nan, ni da ƙadangaru.

Na san dalili, ba sai kin wahalar da kanki ba. Ba kya so ƙawayenta su ce kakanta ne wancan mai ƙusa a baki. In haka ne ki faɗa mini kai tsaye, in rufe ɗakin in huta.

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Mun samu takardarka, kowa lafiya, yara suna gaida kakansu. Gwiwar nan ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, ka rage zaman ƙaramar kujera.

Baffa, wallahi ba kunyar sana'arka nake ji ba. Takalmin da na gama makaranta da shi ya fi shan zarenka fiye da na kamfanin da ya yi shi, ban kuma manta ba.

Abin da ya sa, ina jin nauyin faɗarsa. Layinmu ba ya biyuwa ga mace. Mazan da ke zama a bakinsa su suka koya mini hanyar bola tun ina 'yar makaranta, ba kuma ni kaɗai ba. Ba na so ita ma ta koya. Ka yi mini haƙuri in tsaya a nan.

Za ta zo yin rajista kwanan nan. Na ba ta maganin shafawa ta kawo maka, na kuma kwatanta mata rumfar. Rabonka da ita tun tana rarrafe, sai ka lura.

'Yarka.

*

Zuwa ga Likita,

Bayan gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, ruwan ɗumi bai san da zamanta ba. Maganin da kika ce kuwa bai iso ba, mai kawo shi ma ban ga ƙeyarta ba.

Ashe wannan ce maganar da kika ɓoye mini? Ai da kin faɗa tuntuni. Na gane su sarai. Masu babur ɗin hayar nan da suka kafa sansani a bakin titi. Tir da su, tir da tarbiyyarsu. Na zauna na zuba musu ido bayan na karanta takardarki, abin da na gani ya hana ni cin abincin rana. Mace ta taho, sai fito, sai tsaki irin na kiran akuya. "Ke mai ja, zo in kai ki kyauta." "Hajiya, duk wannan naki ne?" Wani ya murza babur ya sha gabanta, ta kauce, ya sake shan gabanta. Na ga wanda ya kama bakin gyalen wata yarinya yana shinshinawa. Da hancinsa, Likita, kamar kare.

Na ɗauki sandata na je. Na samu babbansu, wani mai karyayyen haƙori, na ce, "Kai, uwarka ba ta bin titi ne?"

Ya ce, "Haba Baba, yabo fa muke yi. Laifi ne a ce wa kyakkyawa kyakkyawa?"

Na ce, "Ta aiko ka ka duba mata? Ba ta da madubi a gidansu?"

Sai wani mai ƙaton kai ya ce daga baya, "Jama'a, yau Baba mai guduma ne ke mana wa'azi! Baba, mu da baki muke yi, ku manya da kayan aiki." Suka bushe da dariya har wani ya kwanta a kan babur ɗinsa. Ban ga abin dariya ba. Na tofar musu da yawu, na wuce wurin shugaban 'yan babur na zazzage masa. An matsar da su can gaba kusa da gada. Bakin layinmu yanzu fes.

Ni za a koya wa mutunta mace? Ke shaida ce. Bencin da ke gaban rumfata ni na haɗa shi tun kafin a haife ki, kuma masu zamansa ba su canja ba: Mai Aski, da Direba da ya ajiye tuƙi, da Dogo mai gadi. Hirar maza kin san ta, ba ta kunnen mata ba ce. Shi ya sa na kafa doka. Ni a ƙasa nake zama, ƙafa nake fara gani kafin kowa. Da na hango takalmin mace ya doso, sai in bugi ƙarfen da nake kifa takalmi a kai sau biyu, kowa ya kama bakinsa. Ko tari ba a yi har ta wuce. Ta wuce, in buga sau ɗaya, a ci gaba. Ni kuwa kaina a sunkuye, ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskar matar wani ba. Har dutsen da mata ke yawan tuntuɓe da shi a gaban rumfa na haƙe na jefar, ko da yake ba su daina tuntuɓen ba, ban san me ke damun ƙafafunsu ba. Ki nuna mini layin da ake wa mata haka.

Ki ga ɓarnar yaran nan. Kwanan baya wata ta zo har gaban rumfata, da rawayan takalmi mai igiya, igiyar hagun saura ƙiris ta tsinke. Ta tsaya, na jira ta miƙo, sai na ga ƙafafun sun juya sun koma da sauri. Na tabbata su suka firgita ta tun daga titi. Dunduniyar ta cinye ta gefe, irin yadda mahaifinki ke cinye tasa, har sai da na tuna shi.

To, na share hanya. Ki turo mini jikata.

Baffanki.

*

Likita,

Gaisuwa. Ina da rai, in ana son sani.

Na je gidan waya har ma'aikacin ya fara ce mini "babu" tun ina ƙofa. An buɗe kwaleji, ina ganin takalman ɗalibai suna wucewa can a titi. Na kori ƙattai saboda ke da gwiwa ɗaya, ko sannu. Fentin ɗakin ya bushe har ya daina wari. In takardata ta ɓata ki ce ta ɓata. In kuma ba ta ɓata ba, me na yi?

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Muna lafiya. Takardunka duka sun iso. Na fara amsa na yaga, na sake farawa na yaga. Ka gafarce ni a kan abin da zan faɗa, kai ka ce a faɗa maka kai tsaye.

Masu babur ƙazamai ne, na gode da ka kore su. Amma lokacin da na koyi hanyar bola ba a haife su ba. Bencinka nake nufi, Baffa.

Ka san abin daga inda kake zaune. Bari in gaya maka shi daga tsakiyar layi. Mace tana tafe da tunanin gabanta, ba wanda ya san da ita. Sai ta ji ƙwal, ƙwal. Hira ta ɗauke ɗif. Duk layin ya san mace ta shigo, har wanda ke cikin shago sai ya leƙo. Kai kanka a sunkuye yake. Nasu ba a sunkuye yake ba. Daga wuya suke farawa su gangara, kuma ba sa sauri, don ka ba su shirun da za su yi kallon a natse. Mutum ya manta yadda ake tafiya. Ya rasa inda zai kai hannuwansa. Ba dutse ne ke sa mu tuntuɓe ba.

Da an wuce, ƙwal guda, a buɗe hira, hirar kuma ta wadda ta wuce ce, tana ji da kunnenta. Da kayan makaranta a jikina na ji Direba ya ce, "'Yar wan naka ta fara cika ido." Na je gida na yi wanka, na sake yin wani, ban ji na fita ba.

Masu babur ko ba komai za ka iya zaginsu, ka ce ga abin da suka faɗa. Wannan fa? Wa za ka kai wa ƙarar shiru?

Matan layin duk sun sani. In za a aiki yarinya sai a ce, "Bi ta baya, kada a buga miki guduma." Inna ma, matarka, Allah ya jiƙanta, ta baya take bi zuwa famfo. Ita ta fara nuna mini inda ake taka dutse a tsallake kwatar.

Mai rawayan takalmin nan Jikalle ce. Ta zo da maganinka a jaka, da gaisuwar da ta yi ta haddacewa a mota. Tun daga nesa ka buga mata. Ta daure ta ƙaraso ta tsaya a gabanka, tana jira ka ɗago. Ba ka ɗago ba. Mai Aski yana lasar leɓe, Direba yana zana ta da hannu biyu a iska. Ta fasa gaisuwar. Da ta juya ka buga ɗayan, sai ta ji an ce, "Wannan sabuwar mota ce, ko lamba ba a sa mata ba." Aka yi dariya. Ta ce ta ga kafaɗarka ma tana motsi.

A tasha ta yi amai. Da ta dawo abin da ta ce mini ke nan: "Mama, kakan nawa ne ya kira su."

Tana ɗakin hayar yanzu, ita da wasu ɗalibai. Ban hana ta zuwa wurinka ba. Ban kuma ce ta je ba.

'Yarka.

*

Likita,

Ina gaisuwa don an koya mini gaisuwa. Lafiyata kuwa kin gama da ita.

Ni? Ni ne na kira su? Ni da ban san kalar idon maƙwabciyata ba? To ki gaya mini, ke mai ilimi, mene ne cin mutuncin mace a titi? Na san fito. Na san ƙazamar magana. Na san kai hannu. Wanne na yi a ciki? Na hana maza magana, yanzu kuma an ce hanin ne laifi. Da na bar su suna ɓarin bakinsu mata na wucewa, da kin rubuto kin ce Baffa ba ya tsawatarwa. An buga laifi, ba a buga ba laifi.

Kafaɗata kuwa motsin jan zare ne. Da kunne ɗaya nake zaune a rumfar nan, rabin abin da suke faɗa ba ya iso ni. In an yi dariya nakan taya, haka zama da mutane yake.

Kuma ki cire marigayiya daga maganar nan. Ta baya take bi don ya fi kusa da famfo, ita da bakinta ta gaya mini. Kada ki ƙara sa ta.

Mutanen nan tare muka tsufa. Su suka ɗauki mahaifinki zuwa makwancinsa. Yarinya ta tsorata da baƙon wuri ta ga abin da babu, ke kuma kin hau kai kin zauna. Zan ɗaga kaina in duba da idona, ba don na yarda ba, sai don in rubuto miki cewa ƙarya ne.

Baffanki.

*

Zuwa ga Likita,

Bayan gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, tun da ba mai gaya mini. Gwiwa ta kumbura, dalilin yana ƙasa. Abinci ba ya shiga.

Na ɗaga kan.

Da hantsi ne. Wata mai goyo ta taho da kwanon wanki a ka, silifa ɗaya ja ɗaya shuɗi. Na buga biyu kamar kullum, sai na leƙa ta ƙarƙashin hula. Likita, na ga mushen kare a kwata, na ga ƙafar da ta ruɓe a cikin takalmi, ban taɓa ganin abin da ya tayar mini da zuciya kamar fuskokin nan uku ba. Mai Aski baki a sake, yawu ya taru a gefen da babu haƙori. Dogo ya miƙa wuya kamar za a yanka shi. Direba, mai jikoki cike da gida, ya ɗaga hannuwansa biyu yana auna ta. Ita kuwa ta kama bakin zaninta ta ja, ta ja, ba abin da ya buɗe amma tana ja. Daidai inda na haƙe dutsen ta yi tuntuɓe. Wurin sumul yake kamar tafin hannu.

Ta wuce. Ban buga ɗayan ba. Muka zauna shiru, har Direba ya gaji ya ce, "Baffa, ba mu hannu mana, motoci sun taru."

Na ce, "Mai rawayan takalmin kwanaki, wadda ba a sa wa lamba ba. Jikata ce."

Ki ga tsofaffi suna salati. Direba ya dafe ƙirji ya ce, "Subhanallahi! Ai da ka faɗa! Wallahi da mun san taka ce, ko inuwarta ba za mu kalla ba."

Wannan maganar ta fi kallon nasu ƙazanta. Na ce, "Mai goyon nan fa? Daga bishiya ta faɗo?"

Mai Aski ya ce, "Kai Baffa, kada ka mai da mu 'yan iska. Mun taɓa wata? Mun yi wa wata magana a fuskarta? Ido ne fa kawai. Kuma mu da idon ya yi rauni, ba don kana buga mana ba, ai da rabinsu sun wuce ba mu sani ba."

Ba don ina buga musu ba. A gabana ya faɗa, yana sosa ciki.

Na kama ƙafar bencin na ɗaga, Dogo yana kai, ya zube cikin tsofaffin takalma. Na ja shi ni kaɗai har cikin gida, a nan gwiwar ta tafi. Na wanke shi da sabulu da toka. Na so in sa wa Jikalle a ɗaki ta riƙa ɗora littattafai, na kai shi bakin ƙofa na kasa shigar da shi. Yana tsakar gida a kife, kaji na hawa.

Kada ki ɗauka haƙuri na zo bayarwa. Gudumata don mutunci na buga ta, kuma a kan haka zan mutu. Su suka mai da ta abin da ta zama. Amma ga inda kuka bar ni. Sun koma ƙofar Mai Aski suna zama a kan bulo, ba mai gaishe ni, suna gaya wa mutane tsufa ya taɓa mini kai. Rumfata ba kowa. Sana'ata kuwa ba ta yiwuwa sai da bugu. Yanzu in na hango takalmin mace, sai in tsaya da guduma a sama kamar gunki har ta wuce, gam yana bushewa a banza. Jiya ina kafa dunduniya ban lura ba, na buga biyu, wata yarinya da ke tafe ta zabura ta juya da gudu. Ƙusa nake bugawa, Likita. Ƙusa kawai.

Matan kuma har yanzu ta bola suke bi. Ba wanda ya gaya musu an ɗauke benci, ni kuma ba zan tsaya a titi ina kiran matan mutane in gaya musu ba, kada a ce ga wani sabon salo.

Na bi hanyar bolar da kaina, da sandata, har famfo. Na dawo ta layi. Ta bolar ta fi nisa, nesa ba kusa ba, ga kwata, ga ƙudaje. Da tulu a ka marigayiya take bin ta, safe da yamma, har ƙafarta ta daina ɗaukarta. Ta ce mini ya fi kusa. Ba ta nan balle in tambaye ta.

To ke kina nan. An ce shiruna ya yi ɓarna, naku fa? Layi guda na mata, da matata a ciki, da ke da na goya a kafaɗa, kowa ya san sunan abin, har 'yan babur sun sani, ni kaɗai aka bari ina buga ƙarfe kamar mahaukaci ina jin ni mutumin kirki ne. Me ya hana ɗaya ta tsaya ta ce, Baffa, ajiye gudumar nan? Cizo nake yi?

Wannan ce takarda ta biyu ba amsa. Na yanka igiya rawaya, na rina ta har ta yi daidai da wadda na gani, tana rataye a ƙusa. Igiyar hagun nan ba za ta kai ƙarshen zangon karatu ba, na san aikina. Ki gaya wa yarinyar ta kawo. Ba sai ta kwana ba, ba sai ta gaishe ni ba. Ta tsaya kawai a inda ta tsaya, in ɗago in ga fuskarta, don har yau ƙafarta kaɗai na sani.

Za ta zo ko ba za ta zo ba? In za ta zo, ta wace hanya za ta biyo?

Ke, ko ita, ko ƙaninki, ban damu ko wane ne ba. Wani ya ba ni amsa.

Baffanki.